Feshin Sinadaran Girma a Noman Rake: Nazari a kan Fadamar Haɗeja

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana aikin sinadaran girma da ake fesa wa ganyen rake, da kuma iyakar amfaninsu ga manoman fadamar Kogin Haɗeja, inda ake noman rake domin sha da yin mazarƙwaila.

Da farko, wajibi ne mu bambanta waɗannan sinadarai da taki. Taki abinci ne. Su kuwa sinadaran girma saƙo ne da tsiro kan kai wa sassansa, ko su tsawaita, ko su dakata. Biyu daga cikinsu ne suka shafe mu.

Na ɗaya shi ne jibarelin, wanda masanin Japan Kurosawa ya gano tasirinsa a shekarar 1926, yana binciken wata cutar shinkafa mai sa tsiro zanƙalewa. Aikinsa tsawaita gaɓoɓin kara. Rake kan rage girma idan zafi ya gaza digiri 20, kuma dararen hunturu a Haɗeja kan yi ƙasa da haka a Disamba da Janairu, sai gaɓoɓin lokacin su fito gajeru. Irin wannan matsala ce ta sa manoman Hawai suka riƙa fesa shi lokacin ɗari.

Na biyu shi ne etefon, wanda kan rikiɗe ya zama iskar etilin a cikin ganye. Idan rake ya yi fure, sai ya daina tsawo, cikinsa ya yi totuwa, ruwansa ya ragu. Etefon kan hana furen, amma sai an fesa shi kafin furen ya ƙullu a cikin kara, wato wajen ƙarshen damina. Bayan haka asarar kuɗi ce kurum.

To amma gaɓa ba ta tsawaita sai da ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke jiƙa fadamar ta ragu, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Raken da ke jin ƙishirwa ba zai amsa feshi ba.

Saboda haka muna ganin ya kamata malaman gona su fara tabbatar da ban ruwa da taki, sa'an nan a gwada feshin a 'yan kunyoyi, a auna nauyin kara da zaƙinsa, kafin a shawarci talaka ya zuba kuɗinsa.