Shin Ko Kun San? Ungulu da Shaho Suna Ƙarewa a Kan Idonmu

Shin ko kun san cewa ungulun nan ta kwata, tun shekarar 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ta saka ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa? Ku tambayi dattawan mahauta a Gombe. A da sai an yi ta korar ungulaye kafin a gama fiɗa. Yau yaro zai iya girma a Pantami ko Jekadafari bai san kamanninta ba sai a hoto.

Shin ko kun san ƙwai ɗaya tak take yi a shekara? Shi ya sa in an kashe goma, ba a mayar da gurbinsu da wuri. Kuma a ƙololuwar manyan itatuwa take sheƙa, irin su kuka da giginya da maɗaci, waɗanda gatari ke bi ɗaya bayan ɗaya.

Shin ko kun san abin da ya fi cin su a Afirka ta Yamma shi ne guba da tsubbu? Ana barbaɗa wa mushe maganin ƙwari, su sauko su ci, su zube gaba ɗaya. Sai a yanke kawunan a kai kasuwa, wai na sa'a ne ko na farin jini. A 2020 an kashe ungulaye sama da 2,000 ta wannan hanya a Gini Bisau, da yawansu an tsince su ba kai. Kasuwannin Nijeriya na cikin manyan wuraren da irin wannan haja ke ƙarewa, kuma abin ya kamata ya dame mu. Mai sayen ma yana cikin haɗari, domin sassan jikin da guba ta ratsa ake ba shi.

Shin ko kun san Indiya ta riga ta ɗanɗana kuɗarta? Daga shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake ba shanu, diclofenac, ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, ruwa ya gurɓace, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. An hana ba dabbobi maganin a 2006, amma aikin gama ya gama. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 cikin 'yan shekaru. Gari irin Gombe, mai kasuwar dabbobi da yanka kullum, ya fi kowa buƙatar jin wannan labari.

Ruwan cikin ungulu yana kashe ƙwayoyin cuta masu tsanani, har da na ciwon saifa da makiyaya ke tsoro. Da gaskiyar Bahaushe, ba ta jewar banza.

Shin ko kun san a watan Nuwamban 1973 wata babbar ungulu ta yi karo da jirgin sama a samaniyar Abijan, a tsayin mita 11,300?

Shin ko kun san Turawa ma suna da nasu laifin? A tuddan Ingila da Sikotilan, ranar 12 ga Agusta ake buɗe farautar grouse, wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa. Don ta yawaita, masu filayen kan cinna wa ciyawar tuddan wuta domin sabon toho, abin da ke busar da ƙasa mai riƙe ruwa. Wasu masu gadin filayen kuma, don kare tsuntsuwar, kan harbe ko su sa wa shaho da gaggafa guba, duk da doka ta hana. A 2013 akwai wani nau'in shaho da ko ɗa guda bai raya ba a duk faɗin Ingila. Sai a 2024 Sikotilan ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga masu wannan farauta, wanda ake iya ƙwacewa in an kama su da laifi.

Namu salon shi ne ƙunar daji da rani don a kama gafiya da zomo da zabon daji. Wuta kan cinye sheƙuna da ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa fayau. Wurare irin dajin Kanawa da gaɓar madatsar Dadin Kowa, inda tsuntsaye ke samun mafaka, ba za su jure wannan ba.

Shin ko kun san a 2024 masana sun duba nau'i 42 na tsuntsaye masu farauta a dazukan Afirka, suka tarar kusan tara cikin goma suna raguwa, kuma yankinmu na yamma ne ya fi muni?

Mujiya kuma, da ake jifa don camfi, ita da 'ya'yanta kan cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara. Manomin da ke kukan ɓera a rumbu, ya bar ta ta zauna. Shirwa takan ɗauki ɗan tsako, ba a musu, amma akurki ne maganin wannan.

Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya. Sarkin Pawa, Sarkin Baka, malaman makarantu da limamanmu, ku taimaka ku yi wa jama'a magana. Kai kuma mai karatu, kada ka sa wa mushe guba, kada ka sayi kan ungulu, kuma in ka ga itace da sheƙa a kai, ka roƙi mai gatari ya ƙyale shi.