Gyaran ƙashin baya ga mai ciki da mai jego: ina gaskiyar, ina ƙarin?

A Buokrom, da Aboabo da Asawase da sauran zangonnin Kumasi, akwai wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyin mata. Ana nuna mace mai tsohon ciki kwance a gefe, wani mutum ya dafa ƙugunta da hannu biyu ya danna, sai a ji "ƙas", matar ta miƙe tana murmushi. Da bidiyon ne maganganu ke tafiya: wai wannan gyaran yana kawar da ciwon baya, yana juya ɗan da ya zauna ba daidai ba, yana buɗe ƙugu har mace ta tsira daga tiyata, kuma wai jaririn da ke yawan kuka ƙashin bayansa ne ya goce wajen haihuwa. Sana'ar sunanta kairofaraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu. Maganar ta samu shiga da wuri domin ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, tunda mun tashi mun ga ungozoma tana matsa ciki, mai ɗori yana gyara karaya, kaka tana tausar jariri da man kaɗanya. A ganina hannun da ya ƙware yana iya rage wa mai ciki ciwo, iyakarsa ke nan. Abin da aka ɗora a kan wannan, ko dai babu hujja a kansa, ko kuma yana jawo jinkirin da ke kashe mata.

Ciwon kam gaskiya ne, kuma bai kamata a ce wa mace "haka ciki yake" a sallame ta ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken likitanci tana tace shi, ta nuna a nazarinta na 2015 cewa fiye da kashi biyu cikin uku na masu ciki suna fama da ciwon baya, kusan ɗaya cikin biyar kuma da ciwon ƙugu. Dalilin a fili yake. Ciki yana jan nauyin jiki gaba, baya ya ƙara lanƙwasa, naman ciki ya miƙe ya rage ƙarfin riƙo, jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan ƙugu su saki. A duba mai sayar da waakye ko koko da ke tashi kafin kiran assalatu, ta sunkuya kan murhu, ta sauke tukunya, ta tsaya bakin titi har hantsi da goyo a baya da ciki na wata bakwai, sannan ta hau trotro zuwa kasuwar Kejetia ta ɗauko kaya a ka. Wannan bayan dole ya yi kuka. Nazarin na Cochrane ya ga alamar cewa motsa jiki yana rage ciwon, ya kuma ga ƴan bincike ƙanana da ke nuna wasu hanyoyin aiki da hannu suna taimakawa, sai dai hujjar ba ta da ƙarfi. Saboda haka macen da ta ce an danna mata baya ta ji sauƙi ba ƙarya take yi ba. Sauƙin dai na ɗan lokaci ne, kuma bai fi wanda tausa mai kyau, da atisaye, da rage ɗaukar nauyi, da kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi ke bayarwa ba.

Inda aka fara barin hanya shi ne bayanin da ake yi wa sauƙin. Sana'ar ta faro ne a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, a hannun Daniel David Palmer, wanda ba likita ba ne. Shi ya kawo ra'ayin cewa yawancin cututtuka suna tasowa ne daga ƙananan ƙasusuwan baya da suka goce suka danne jijiya. Shekara ɗari da ɗoriya ta wuce ba a tabbatar da wannan ba, har hukumar da ke kula da masu sana'ar a Birtaniya ta bayyana a 2010 cewa babu binciken asibiti da ya nuna wannan gociyar ita ke haddasa cuta. Ƙarar "ƙas" ɗin ma ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. Kumfar iska ce ke samuwa a cikin ruwan gaɓa idan aka ja ta farat ɗaya, irin ƙarar da yatsu ke yi idan an murɗa su, kuma masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton faruwar hakan a 2015. Mai ɗori na gaskiya yana aiki ne a kan ƙashin da ya karye, wanda kowa ke gani kuma hoton asibiti ke nunawa. Mai ciki kuwa ƙashinta bai karye ba, bai goce ba.

Maganar juya ɗa ita ta fi jan hankali, domin babu abin da ke tayar da hankalin gida kamar a dawo daga awo a ce ɗa ya zauna, kai na sama. Masu kairofaraktik suna da wata dabara da ake kira da sunan Larry Webster, Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta, kuma ana yawan cewa tana nasara kashi 82 cikin ɗari. Adadin ya fito ne daga wata takardar tambayoyi da aka wallafa sakamakonta a 2002, inda aka tambayi masu sana'ar kansu su faɗi yadda aikinsu ya kasance, kaɗan daga cikinsu suka amsa, kuma ba a kwatanta da matan da ba a taɓa ba. Wannan kwatancin shi ne komai. A mako na 28, kusan ɗa ɗaya cikin huɗu ko biyar yana zaune kai na sama, amma zuwa cikar wata tara saura uku ko huɗu ne kacal cikin ɗari. Mafi yawansu da kansu suke juyawa. Duk wanda ya taɓa cikin mace a wata na bakwai, ko da addu'a kawai ya yi mata, ko bai yi komai ba, zai ga "nasara" a yawancin matan. Ba sai ya yi niyyar yaudara ba, shi ma abin da idonsa ya gani ne ya ruɗe shi.

Akwai juya ɗa da hannu na gaskiya, kuma likitocin mata ne ke yin sa, daga mako na 36 ko 37. Kafin a fara sai an duba da na'urar hoton ciki an ga inda mabiyiya take da yawan ruwan da ɗan ke ciki. Sau da yawa a ba uwa maganin da ke sassauta mahaifa. Likita ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawun ɗan ya ɗaga shi daga ƙugu, ɗaya hannun yana bin kai a hankali, ana sauraron bugun zuciyarsa kafin da bayan aikin, ɗakin tiyata kuma na kusa ko da wani abu zai taso. Duk da wannan shiri, kusan rabi ne ke juyuwa. Wannan tanadin ya isa ya nuna cewa murza cikin mace ba wasa ba ne. Likitoci a Fatakwal ta Najeriya, yankin da matsa ciki da ƙarfi ya zama al'ada, sun rubuta rahotannin matan da mabiyiya ta ɓalle musu ko mahaifa ta fashe bayan irin wannan tausar. Mabiyiya idan ta ɓalle, jini na iya taruwa a ciki ba a ganinsa a waje, ɗan kuma ya rasa iska cikin ɗan lokaci.

Haka batun buɗe ƙugu. Ƙasusuwan ƙugu suna ɗan saki da kansu lokacin ciki, ƴan milimita kaɗan, kuma babu dannawar da za ta ƙara wa ƙashi faɗi. Yawancin dalilan tiyata ma ba su shafi ƙashin baya ba: mabiyiya ta tare hanya, bugun zuciyar ɗa ya sauya, hawan jini ya kai inda dole a raba uwa da cikin, ɗa ya kwanta a gicciye, ko akwai tsohon ɗinki a mahaifa. Na fahimci tsoron tiyata a zango. Akwai kuɗin da ke biyo baya, akwai jinya, akwai gorin da ake yi wa mace cewa ta kasa haihuwa da kanta, gorin da bai dace da bakin musulmi ba. Amma macen da aka yi wa alƙawarin cewa ƙugunta ya buɗe ita ce za ta daure a ɗaki kwana da wuni tana naƙuda, tana jiran alƙawarin ya cika. Doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari da mutuwar ɗa a ciki, kuma daga Buokrom zuwa asibitin Tafo ko na Manhyia ko Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, ba tafiya ce mai nisa ba.

Wani zai ce, to idan bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba. Dannawa mai sauƙi a baya, ga mace mai lafiyayyen ciki, da wuya ta cutar, wannan gaskiya ne. Murɗa wuya daban ne. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta yi gargaɗi a 2014 cewa akwai alaƙa tsakanin murɗa wuya da yagewar jijiyar jini da ke kai wa ƙwaƙwalwa, abin da ke iya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma jinin mai ciki da mai jego ya fi saurin daskarewa, don haka ba ta da dalilin ba da wuyanta. Babbar illar kuma ita ce ba kowane ciwon baya ne na baya ba. Ciwon da ke zuwa yana tafiya kafin wata tara na iya zama naƙudar bakwaini. Ciwon gefe da zazzaɓi da zafin fitsari na iya zama ƙoda. Ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, alamun hawan jinin ciki ne da ke kai ga jijjiga, kuma binciken da aka yi a Komfo Anokye ya sa shi a sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. Hannu ba ya gane shi. Na'urar awon jini da gwajin fitsari ne ke ganewa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awo aƙalla sau takwas.

Bayan haihuwa, jijiyoyin ƙugu suna komawa da kansu cikin makonni zuwa watanni. Tausa mai sauƙi da ɗaurin ciki wanda bai matse numfashi ba suna sa mai jego jin daɗin jikinta, ban ga laifinsu ba. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi ce ba a tausawa, domin gudan jini na iya ɓallewa ya tafi huhu. Haki da kumburi da kasa kwanciya rigingine kuma maganar zuciya ce. Likitoci Davidson da Parry sun yi rubutu a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, bai ga cewa al'adun jego su ne dalili ba, ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin ciki. Na kawo wannan ne don a ga cewa awo da hujja ba ƙiyayya ce da al'ada ba, wani lokaci ma al'adar suke wankewa.

Jariri ne na fi ji wa tsoro. Kukan da ake cewa ciwon ciki yakan tsananta wajen mako na shida, ya lafa da kansa a wata na uku ko na huɗu, don haka duk maganin da aka yi a tsakiya shi za a gode wa. A wani binciken Norway da aka wallafa a 2001 an gwada gyaran baya ga jarirai masu yawan kuka ta yadda iyaye ba su san ko an gyara wa ɗansu baya ko ma'aikaciyar jinya ce kawai ta riƙe shi ba, kuma ba a ga bambanci ba. A Ostareliya a 2019, bayan wani bidiyo daga Melbourne ya nuna an riƙe jariri ɗan mako biyu kai ƙasa, hukumar masu sana'ar ta dakatar da gyaran ƙashin bayan yara ƴan ƙasa da shekara biyu. Tausar kaka ita ce ta samu goyon baya, domin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun yarda da shafa jikin jariri lafiyayye a hankali. A shafa man kaɗanya, a miƙe hannu da ƙafa ba tare da ja ba, amma kada a matsa kai da ruwan zafi don a gyara shi, kan yana daidaita da kansa cikin ƴan kwanaki. Maɗigar da ta faɗa alamar ƙarancin ruwa ce. Jaririn da idonsa ya yi rawaya, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko maƙwabtanmu Asante sun ce cutar asram ce, asibiti yake buƙata a ranar.

Hujja mafi ƙarfi da masu zuwa wajen mai gyaran baya ke da ita ba ta kimiyya ba ce. Cewa suke a can ana sauraronsu, ana taɓa inda ke ciwo, a asibiti kuwa sai dogon layi da minti biyar da farasitamol. Wannan ƙorafin yana da tushe, kuma ma'aikatan lafiya ne ya kamata su ji kunyarsa. Amsarsa ita ce mace ta nemi haƙƙinta a inda yake. Tun watan Yuli na 2008 Gana ta sa awo da haihuwa kyauta ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, ko da yake iyalai sun san akwai ƙananan kuɗaɗe da ke fita. Manyan asibitocin Kumasi suna da sashen gashin ƙashi da motsa jiki, kuma mai ciki na iya cewa ma'aikaciyar awo ta tura ta can. Wadda duk da haka ta zaɓi mai gyaran baya, ta fara faɗa wa ma'aikaciyar awonta, domin mai zubar jini, ko hawan jini, ko mabiyiya a ƙasa, ko wadda ruwa ya fashe mata, ba ta cikin waɗanda za a taɓa. Ta nemi ganin takardar rajistarsa, tunda wata doka ta shekarar 2000 ta kafa majalisar da ke rajistar masu maganin gargajiya a ƙasar. Ta kuma gindaya masa sharaɗi tun kafin ta hau gadonsa: ba ciki, ba wuya, ba jariri.