Ganin wata: yadda ake gwada saitin na'urar hangen nesa kafin a dogara da ita

A shekarar 2022 mutanen Birnin Ƙonni sun yi ƙaramar salla ranar Lahadi 1 ga watan Mayu, yayin da ƴan uwansu na Illelar Najeriya, ƴan kilomitoci bayan iyaka, ke cikin azumi; sai Litinin suka hau idi. Lissafin masana taurari ya nuna cewa ranar Asabar ɗin ba a haifi sabon wata ba sai ƙarfe 9:28 na dare agogon Nijar, sama da awa biyu bayan faɗuwar rana a Ƙonni. Duk sanda aka samu irin wannan saɓani akan ji masu cewa a sayo na'urar hangen nesa kowa ya huta. Da gaskiyarsu, sai dai na'urar ba ta nuna komai in ba a saita ta daidai ba.

Dalili kuwa shi ne, tana ƙara girman abu ne ta hanyar rage faɗin abin da ake kallo. Wata gaba ɗayansa rabin digiri ne a sama, kusan rabin faɗin ƙaramin yatsa idan mutum ya miƙe hannu. Kuskuren digiri ɗaya ya isa jinjirin ya faɗi waje, mai dubawa ya rantse babu shi.

Abu biyu ake gwadawa. Na farko saiti: idan aka ce wa na'urar ta nufi tauraro kaza, shin yana faɗowa tsakiyar gilashi? A manyan cibiyoyi akan ware dare a bi taurari da dama da aka san mazauninsu, gabas da yamma, ƙasa da tsakiyar sama, ana rubuta yadda kowanne ya kauce. Kaucewar tana da tsari. Wata daga gindin na'urar ne da ya ɗan karkata, wata daga bututun da ke lanƙwasawa saboda nauyinsa, wata kuma daga iska, wadda ke karya haske har ta ɗaga abin da ke bakin mafaɗar rana da fiye da rabin digiri. Kwamfuta ke tattara waɗannan ta riƙa gyara su da kanta.

Na biyu bin sawu. Duniya na juyawa digiri 15 a awa, don haka a na'urar da ke tsaye wata kan gusa da faɗinsa guda cikin minti biyu kacal. Mota ce ke juya na'urar ta bi shi. Gwajin ba wuya: a ɗora tauraro a tsakiya a bar shi minti goma, ko a ɗauki hoto mai dogon lokaci. In ya fito ɗigo, lafiya lau. In ya ja layi, ƙaramar na'urar ba ta fuskanci tauraron arewa daidai ba, wanda a Ƙonni, Malbaza da Illela yake kimanin digiri 14 sama da ƙasa. In yana kai da komowa, haƙoran giya ne. Kuma a tuna, wata ba ya tafiya da gudun taurari: yana ja baya wajen gabas kusan digiri 13 a yini, sai an sauya masa gudu.

Babbar na'urar SALT da ke Sutherland a Afirka ta Kudu, wadda aka ƙaddamar a 2005 da madubai 91 a haɗe, ta bi wata dabara: madubin ba ya motsi lokacin kallo, akwatin da ke karɓar haske a samansa ne ke bin tauraron.

Ga mai duban wata a tudun Adar, wahalar ita ce ana neman jinjirin ne cikin jan almuru, kafin taurari su fito. Saboda haka a daren jajibiri ake saiti, a bar na'urar ba a taɓa ta ba, kuma gara a kafa ta kan ginshiƙin siminti da a kan rairayin da ƙafafunta ke nutsewa. Idan Zara na sama a lokacin, da ita ake tabbatarwa. Akwai haɗari ma: jinjirin na dab da rana, wanda ya leƙa kafin ta faɗi da saiti mara kyau yana iya rasa idonsa nan take.

Ko da saiti ya yi kyau, hazo na iya rufe komai. Masanin Faransa André Danjon ya lura tun shekarun 1930 cewa ido ba ya kama jinjiri idan tazararsa da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba. Ranar 8 ga Yuli 2013 wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hotonsa da rana tsaka daidai lokacin haihuwarsa, da kyamara ta musamman da saiti na ƙwarai. Ko irin wannan hoto na shiga cikin ganin wata a shari'a, wannan magana ce ta malamai da Majalisar addinin Musulunci ta ƙasa, wadda ke tattara shaidu kafin sanarwa a Yamai.