Yadda Majalisu Suka Tsayar da Ranar Tunawa da Srebrenica

A watan Yuli na 1995, sojojin Sabiyawan Bosniya suka hallaka Musulmi maza fiye da 8,000, manya da samari, a Srebrenica, abin da kotunan duniya suka hukunta cewa kisan ƙare dangi ne. Kasancewar ɗan Adam mai mantuwa ne bisa ɗabi'a, sai Majalisar Tarayyar Turai ta zartar da ƙuduri a 2009, ta nemi a riƙa tunawa da mamatan kowace 11 ga Yuli. Daga bisani, a 2024, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da wannan rana da ƙuri'a 84, alhali ƙasashe 19 sun ƙi. Fa'idar hakan a fili take: musibar da majalisa ta shaida, inkarinta ya yi wuya.