Ɓoyayyun ƙofofi tsakanin na'urorin biro: bayani a kan rabon C$

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba abin da ake kira « partage administratif » da Faransanci, watau hanyar da mai kula da na'urori yake bi ya shiga diskin wata ordinatar daga tasa, in duka suna kan ƙaramin rezo guda. Mun fassara shi da « rabon mai kula ». Batun ya shafi kowane sashe da ke ajiye takardun jarrabawa da makin ɗalibai a cikin na'ura.

2. Menene rabon mai kula?

Tun daga Windows NT, wanda ya fito a 1993, na'ura da kanta take buɗe waɗannan ƙofofi ba tare da an umurce ta ba. C$ yana kai mutum ga diski C baki ɗaya, ADMIN$ ga dosiyen da Windows ke zaune a ciki, shi kuwa IPC$ na sadarwa ne tsakanin na'urori. Umurnin « net share » yana jero su duka. In sunan na'urar SAKATARIYA ne, sai a rubuta \\SAKATARIYA\C$.

Ya kamata mu bambanta ɓoyewa da kullewa. Alamar $ ɓoyewa kawai take yi: tana hana sunan fitowa a jerin da Windows ke nunawa. Wanda ya tambayi na'urar daga Linux da « smbclient » zai ga sunayen duka. Makullin gaskiya shi ne sunan mai shiga da kalmarsa ta sirri.

3. Sharuɗɗan shiga

Na farko, a kunna rabon fishiye da na imfirimanti a na'urar da za a shiga, kuma katangar tsaro ta bar ƙofa mai lamba 445 a buɗe. Na biyu, mai shiga ya kasance cikin rukunin « Administrateurs » na waccan na'ura. Na uku, ya zama yana da kalmar sirri, domin Windows ba ya karɓar suna maras kalma ta kan rezo.

Duk da haka sau da yawa amsar takan zo « Accès refusé ». Dalili kuwa, tun daga Windows Vista (2007), in na'urorin ba su ƙarƙashin uwar garke guda mai riƙe sunayen kowa, Windows yana tuɓe wa mai kula ikonsa in ta rezo ya zo. Ana ɗage wannan takunkumi a cikin rajistar na'urar, a ƙirƙiri LocalAccountTokenFilterPolicy, a ba shi lamba 1.

4. Haɗarin da ke ciki

Yin haka abu ne na minti biyu, amma a lura da abin da aka buɗe. A ƙaramin biro an saba sa kalmar sirri guda a na'urori duka don sauƙi. Ke nan wanda ya samu ta na'ura ɗaya ya samu ta sauran. A watan Yuni na 2017, ƙwayar NotPetya ta yi amfani da kalmomin da ta sata da kuma ƙofar ADMIN$ wajen yaɗuwa daga na'ura zuwa na'ura, ta fara daga Yukren ta kai kamfanoni a ƙasashe da dama.

5. Kammalawa

Shawararmu ita ce a bar C$ ga mai gyaran na'urori. Malamin da ke son musayar takardu da sakatariya, ya ware dosiye guda, ya raba shi da suna a fili, ya faɗi wanda zai karanta da wanda zai rubuta. In kuwa dole ne a buɗe rabon mai kula, kowace na'ura ta samu kalmarta ta daban, kuma a mai da lambar 0 da zaran an gama aiki.