Wa Ke Tsaron Masu Sauraron Wayar Tarho?

Ran 5 ga watan Yuni na 2013 jaridar Guardian ta Ingila ta buga wata takarda wadda ba a yi nufin idon talaka ya gan ta ba. Takardar umurni ce daga wata kotun asiri da ke zama a Washington, babban birnin Amurka, wadda alƙali Roger Vinson ya sa wa hannu ran 25 ga watan Afrilu na wannan shekara. A cikinta an tilasta wa wani reshe na kamfanin wayar tarho na Verizon ya riƙa miƙa wa Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, wadda aka fi sani da NSA, bayanin kowane kira da ya bi ta layukansa, kowace rana ta Allah, ko kiran na cikin gida ne ko kuwa tsakanin Amurka da ƙasashen waje. Har ila yau an hana kamfanin ya gaya wa kowa an ba shi wannan umurni.

Bayan kwana huɗu wanda ya fitar da takardar ya bayyana kansa daga Hong Kong. Sunansa Edward Snowden, saurayi mai shekara 29, ma'aikacin wani kamfani da ke yi wa NSA aikin kwangila a tsibirin Hawaii. Gwamnatin Amurka ta tuhume shi da laifin tona asirin ƙasa, ya tsere zuwa Rasha, wadda ta ba shi mafaka, daga baya kuma ta ba shi izinin zama ɗan ƙasa a 2022. Har yanzu Amurkawa ba su daidaita a kansa ba, waɗansu na ce masa maci amana, waɗansu na ce masa jarumi. Amma abin da takardar ta nuna ba wanda ya musa shi: shekara da shekaru gwamnati tana tara bayanin kiran miliyoyin mutane waɗanda ba a zarginsu da laifin komai.

ABIN DA AKE TARAWA

Da maganar ta fito fili, Shugaba Barack Obama ya shaida wa jama'a cewa ba wanda ke sauraron hirarsu ta waya. A wani fanni gaskiya ya faɗa, domin umurnin bai haɗa da muryar masu magana ba. Abin da ake karɓa shi ne lambar mai kira, da lambar wanda aka kira, da ranar da aka yi kiran, da lokacin, da kuma tsawonsa. Ana ajiye waɗannan bayanai har shekara 5.

Mai karatu yana iya cewa ai wannan ba wani abu ba ne. To, a ƙaddara an girke wani mutum a ƙofar zauren wani magidanci dare da rana, ba ya shiga ciki, ba ya jin abin da ake faɗa, aikinsa kawai ya rubuta sunan duk wanda ya yi sallama, da lokacin shigarsa da na fitarsa. Kafin wata ya ƙare, mai rubutun nan zai san wanda ke bin maigidan bashi, da likitan da ke duba iyalinsa, da jam'iyyar da yake yi wa aiki a ɓoye, da gidan da yake neman aure. A 2016 masana a Jami'ar Stanford sun gwada wannan da wayoyin mutane 823 waɗanda suka yarda da kansu, kuma daga lambobin kira kaɗai suka gano mai ciwon zuciya da mai ajiye bindiga a gida. Janar Michael Hayden kuwa, wanda ya taɓa shugabantar NSA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa Amurka tana kashe mutane bisa irin wannan bayani, ko da yake ya ce ba da na wannan shiri ba.

Yadda ake binciken ma ya ƙara faɗaɗa tarun. Idan aka yi zargin lamba guda, ana duba duk waɗanda ta kira, da waɗanda su kuma suka kira, har hawa uku. In kowane mutum yana hulɗa da mutum 50, hawa na farko 50 ke nan, na biyu 2,500, na uku 125,000. Watau mai sayar da abinci wanda wani abin zargi ya taɓa kira sau ɗaya ya isa ya jawo dukan abokan cinikinsa cikin lissafi.

TSOHUWAR TAƘADDAMA

Wannan gardama ta girmi Snowden nesa ba kusa ba. Gyara na 4 a tsarin mulkin Amurka ya hana hukuma binciken mutum da gidansa da takardunsa ba bisa ƙa'ida ba, amma an rubuta shi tun ba a ƙago wayar tarho ba. A 1928, a shari'ar Olmstead, Kotun Ƙoli ta yanke cewa sauraron waya ba bincike ba ne, tun da ba a shiga gidan kowa ba. Sai a 1967, a shari'ar Katz, ta juya wannan hukunci, ta ce mutum ake karewa ba wuri ba, don haka dole a nemi izinin alƙali kafin a saurari hira. Amma a 1979 kotun ta bar wata ƙofa a buɗe, inda ta ce lambobin da mutum ya buga ba sirri ba ne, tun da shi da kansa ya miƙa su ga kamfanin waya. Ta wannan ƙofa gwamnati ta bi bayan shekaru.

Amurkawa kuma sun riga sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka bar masu leƙen asiri ba linzami. A 1963 aka ba 'yan sandan ciki na FBI izinin sauraron wayar Martin Luther King, jagoran masu neman 'yancin baƙar fata, kuma a 1964 aka aika masa da wasiƙar barazana marar suna tare da faifan abin da aka naɗa a ɓoye. A 1975 kwamitin Majalisar Dattawa a ƙarƙashin Sanata Frank Church ya tono cewa tun 1945 manyan kamfanonin talgiram suke ba gwamnati kwafin saƙonnin da ke shiga da fita ƙasar. Sakamakon haka aka yi doka a 1978 wadda ta kafa kotu ta musamman don ba da izinin leƙen asiri. Ita ce kotun da ta ba Verizon umurni.

Aibin kotun shi ne a asirce take zama, kuma a wancan lokaci lauyan gwamnati kaɗai take saurara. Daga 1979 zuwa 2012 an kai mata buƙatu fiye da 33,000, ta ƙi 11 kacal. Masu kare ta sun ce sau da yawa alƙalai kan sa a gyara buƙata kafin su amince. Bayan harin 11 ga watan Satumba na 2001 majalisa ta zartar da dokar Patriot cikin gaggawa, kuma sashe na 215 na dokar ya ba da damar karɓar bayanan da suka shafi binciken ta'addanci. Daga 2006 kotun asirin ta amince da fassarar gwamnati cewa kiran kowa da kowa ya shafi binciken. Jama'a ba su san da wannan fassara ba. A watan Maris na 2013 ma, da Sanata Ron Wyden ya tambayi James Clapper, babban daraktan leƙen asiri, ko NSA tana tara bayanan miliyoyin Amurkawa, sai ya amsa da a'a, ya ce ba da gangan ba. Wata uku bayan haka takardar ta fito.

RIBA DA HASARA

Hujjar gwamnati ita ce tsaron rayuka, kuma hujja ce mai nauyi. Shugaban NSA na lokacin, Janar Keith Alexander, ya ce shirye-shiryen hukumar sun taimaka wajen daƙile al'amuran ta'addanci 54. Da majalisa ta matsa masa, sai ya yarda cewa ɗaya ko biyu ne kawai suka danganci tara bayanin kira a cikin gida. Misalin da aka fi kawowa shi ne na wani direban tasi a San Diego wanda ya aika wa ƙungiyar Al-Shabab ta Somaliya dala 8,500. A watan Janairu na 2014 hukumar da ke sa ido kan 'yancin jama'a ta gwamnatin tarayya ta ba da rahoto cewa ba ta sami ko da misali ɗaya ba inda shirin ya canja sakamakon wani binciken ta'addanci da ya shafi barazana ga Amurka.

Daga nan al'amura suka juya. A watan Mayu na 2015 kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta yanke cewa sashe na 215 bai taɓa ba da wannan iko ba. A watan Yuni majalisa ta yi sabuwar doka wadda ta bar bayanan a hannun kamfanoni, sai gwamnati ta nemi na wata lamba takamaimai da izinin kotu, ta kuma ba kotun damar gayyato masana masu zaman kansu su faɗi ra'ayinsu. Duk da haka a 2017 kaɗai NSA ta karɓi bayanin kira fiye da miliyan 530. A 2018 ta sanar cewa tana share su, domin kamfanoni sun yi ta aiko mata da waɗanda ba ta da ikon karɓa. A 2019 aka dakatar da shirin, a watan Maris na 2020 kuma wa'adin dokar ya ƙare.

Sai dai duk wannan kariya ta Amurkawa ce. Wata doka ta 2008, wadda aka sabunta a 2024, ta yarda a saurari baƙin da ke wajen ƙasar ba tare da izinin kotu a kan kowane mutum ba. A watan Oktoba na 2013 aka sami labarin cewa har wayar Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ba ta tsira ba. Wanda ke kiran ɗan'uwansa a Amurka daga Kano ko Zariya yana cikin waɗannan baƙi.

INA AKA KWANA A NIJERIYA?

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta wayar tarho da saƙonninsu na talgiram. Amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci ta hanyar doka saboda tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a. Tsakanin waɗannan sassa biyu maganar take.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanin kira da na masu layi har shekara 2, su kuma miƙa shi idan hukumar da ta dace ta nema. Sauraron abin da ake faɗa ne dokar ta ɗaura wa sharaɗin umurnin alƙali. A 2019 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin sauraron waya, waɗanda suka ce a nemi takardar izini daga alƙali, amma idan akwai gaggawa ta barazana ga rai ko tsaron ƙasa ana iya farawa, a nemi izinin cikin awa 48. Rahoton shekara na wannan aiki kuwa Babban Lauyan Tarayya ake kai wa, shi kuma minista ne a gwamnatin da ke yin sauraron. A watan Disamba na 2020 aka ba da umurnin haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau kowace lamba tana da suna da hoto da zanen yatsa a bayanta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ci gaba ce, amma ta keɓe ayyukan tsaro da binciken laifi daga yawancin sharuɗɗanta.

Ba wanda zai musa cewa jami'an tsaro suna bukatar wannan makami. Masu satar mutane da waya suke cinikin kuɗin fansa, kuma iyalin da aka ɗauke wa ɗa ba abin da suke fata irin a bi sawun lambar da ta kira su. Waɗansu kan ƙara da cewa mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, wanda ba shi da laifi me zai ji wa tsoro? Amma rufin asiri ba na masu laifi kaɗai ba ne. Ma'aikacin da ya ga ana wawure dukiyar jama'a ya kira ɗan jarida, da shugaban ɗalibai mai shirya taro, da mara lafiya mai kiran asibiti, ba wanda ya karya doka a cikinsu, kuma kowannensu zai iya cutuwa idan lissafin kiransa ya faɗa hannun wanda bai dace ba.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna cewa kasancewar doka da kotu bai wadatar ba, tun da duka biyun suna nan lokacin da aka yi ɓarnar. Abin da ya rasa shi ne haske. Gyara bai samu ba sai da jama'a suka san yadda ake fassara dokar, aka bayyana adadin waɗanda abin ya shafa, aka kuma auna ribar shirin da hasararsa a fili. Saboda haka ya kamata Majalisar Tarayya ta riƙa karɓar rahoton shekara na sauraron waya, a buga yawan izinin da aka nema da wanda aka bayar da wanda aka ƙi, a kuma ɗaura wa karɓar bayanin kira sharaɗin izinin alƙali kamar yadda aka ɗaura wa sauraron murya. Ma'aikatan da ke sa hannu a irin waɗannan takardu a yau, da ɗaliban da za su gaje su gobe, su tuna cewa gwamnati takan canja, amma na'urar da aka girka da bayanan da aka tara suna nan suna jiran duk wanda ya hau kujera.