Nana Asma'u, Malamar da ta Kai Karatu Ƙauye da Waƙa

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban karatun manya na Dawce da sauran garuruwan ƙasar Matamaye. Yau za mu yi magana a kan wata malama, marubuciyar waƙa, wadda ta yi aiki irin namu fiye da shekara 150 da suka wuce. Sunanta Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Shi Shehu, a Marata aka haife shi a 1754, cikin ƙasarmu ta Nijar ta yanzu. Ita kuwa Asma'u an haife ta a Ɗagel a 1793, tagwaye ne ita da Hasan. Tana da wajen shekara 11 aka yi ƙaura zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta yi karatunta cikin yaƙi da tafiye-tafiye. Duk da wannan wahala ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sakkwato.

Aikinta kashi uku ne. Na farko shi ne waƙa. Ta yi waƙoƙin wa'azi da na tarihi da na ta'aziyya. Akwai wata ƴar gajeruwa da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a ciki, ta yi ta da harsunan nan uku, don kowa ya haddace da harshen da yake ji. Ba manya kaɗai ta yi wa ta'aziyya ba. Har maƙwabciyarta, mace talaka, ta yi wa waƙa don ta yaba halinta.

Na biyu shi ne tattara rubutun wasu. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ita da mijinta suka duƙufa wajen tara littattafansa da adana su. Ku tuna a zamanin babu injin buga littafi. Da tawada da alƙalami ake kwafe kowace takarda, a sa ta cikin gafaka. In gara ko gobara ta ci, shi ke nan ta tafi. Kuma ba ajiya kawai ta yi ba. A 1831 ta juya waƙar Shehu mai suna Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, don talakawa su ji abin da aka faɗa game da haƙƙinsu a kan masu mulki.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne koyarwa. Matan ƙauye suna da yawa, ga aure, ga goyo, ga aikin gida, ba su iya zuwa birni su zauna a makaranta. To, ya za a yi? Sai ta zaɓi dattijai mata masu natsuwa ta koya musu, ta naɗa kowace ta zama jaji. Kun san jaji shi ne mai jan ayarin fatake. Takan ba jaji malfa, irin wadda Inna ta Gobir ke sawa, a naɗa mata jan rawani, don duk wanda ya gan ta a hanya ya girmama ta. Jaji kan taho da ƴan mata ƙanana da tsofaffi zuwa wurin Asma'u, su haddace waƙoƙi, a bayyana musu ma'ana, sa'an nan su koma gida su koya wa matan aure da ba su samu fitowa ba. Waɗannan su ake kira Ƴan Taru.

Me ya sa ta zaɓi waƙa? Domin takarda na da tsada, amma waƙa ba ta da nauyin ɗauka. Mace na daka tana rerawa, tana kaɗi tana rerawa, karatu na zama a ka.

Asma'u ta rasu a 1864, aka rufe ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru. Zuriyarta suka adana takardunta, musamman Waziri Junaidu. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga ayyukanta wajen 60 cikin littafi guda a Amurka. Wadda ta tsare rubutun mahaifinta, ita ma an tsare nata.

To jama'a, ga abin lura. Har yanzu a ƙauyukanmu akwai matan da ba su iya zuwa aji. Ke da kike zuwa, baƙin da kika koya yau ki koya wa kishiyarki ko maƙwabciyarki kafin ki kwanta. Ku maza, ku bar matanku su zo. Ku malamai kuma, ku sa ɗalibai su rubuta waƙoƙin daka da na niƙa da tsofaffi suka sani, a tara su wuri guda tun masu su na da rai.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.